Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Kan Kare Iyali Daga Cututtukan Yau da Kullum

A ƙaramin asibitin unguwa nake aiki, inda ake awon ciki, ake rigakafin yara, ake duba masu zazzaɓi. Amma rabin tambayoyin da nake amsawa ba a can ake yi mini su ba. A gidan suna ne, ko wurin biki, ko bayan magariba maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Sista, don Allah zo ki ɗan duba mini yaron nan." Na tattaro waɗanda suka fi maimaituwa, na rubuta su yadda ake yi mini su. Abin da shekarun aikin nan suka nuna mini shi ne, cututtukan da ke kwantar da mu ba baƙi ba ne. Kowacce da lokacinta, kowacce da ƙofar da take shigowa: damina da sauro da gudawa, hunturu da tari, bazara da sanƙarau da ƙyanda. Yawancin ƙofofin nan kuma a cikin gida suke, da hannunmu za mu rufe su.

Sista, kullum sai mun kunna maganin sauro, amma yarana ba sa rabuwa da zazzaɓi. Me ya rage ban yi ba?

Gidan sauro, 'yar uwa. Hayaƙin igiyar leƙo iska ce ke kwashe shi, fanka kuma tana tsayawa da an ɗauke wuta, alhali macen sauron da ke ɗauke da maleriya daga tsakar dare zuwa asuba ta fi cizo, lokacin da kowa ya yi nisa a barci. Abin da zai tsaya tsakaninta da jikin yaro har gari ya waye shi ne gidan sauro mai magani, wanda aka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane gefe.

Na san ƙorafin da ake yi: zafi da ƙaiƙayin fuska. Ƙaiƙayin yana zuwa ne idan an ɓare sabo daga leda an kwana a ciki a daren. A shanya shi a inuwa na awa 24 tukuna, kada a rana, don rana tana kashe ƙarfin maganin. Zafi kuwa, in a tsakar gida ake kwana, a ɗaura igiya daga bango zuwa bango a rataye shi a can. In ya huje a ɗinke. Yakan yi kamar shekara uku yana aiki in ba a yawan wanke shi da omo. Raina yana ɓaci in na ga gidan sauron da aka raba kyauta an kewaye lambu da shi ko an rufe 'yan tsaki, yara kuma suna kwance a fili.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba: sauron maleriya ya fi son ruwa mai ɗan haske da ya kwanta a rana, irin na ramin da aka haƙa ƙasar bulo, ko sawun shanu, ko sawun tayar mota bayan an yi ruwa. Cikin kwana goma ko ƙasa da haka ƙwai ya zama sauro. A cike irin waɗannan ramukan da ke kusa da gida. Fiya-fiya kuma guba ce ta kashe ƙwarin gona, ba na son ganin ta a ɗakin da jariri ko mai asma ke kwana.

Masu bi gida-gida a damina sun ba ɗana magani alhali lafiyarsa ƙalau. In ajiye sai ya yi zazzaɓi?

A'a, ki ba shi yanzu. Wannan na kariya daga maleriya ne, ba na warkarwa ba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankinmu na Sahel, daga 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata a lokacin damina, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. Kwana uku ake sha a jere. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannunki suke barin sa, kuma a nan ne iyaye da yawa ke sakaci. In aka sha na farko kawai, kariyar ba ta cika ba.

Mai ciki ma tana da nata, wanda ake ba ta a wurin awo da zarar cikin ya wuce wata uku, aƙalla sau uku kafin haihuwa, da tazarar wata guda. Allurar rigakafin maleriya kuma ta fara shigowa: Nijar ta fara a 2024, Najeriya ta fara da jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na shekarar. Ko ta iso garinku, ba ta ɗauke wa kowa gidan sauro ba.

Duk lokacin da na je kemis sai a ce maleriya da taifot ne. Haka ne kuwa?

Da wuya. Gwajin maleriya na ɗiga jini a ɗan katako minti 15 zuwa 20 yake ɗauka, a yi shi kafin a sayi magani. In ya nuna akwai, a sha maganin yadda aka tsara: wanda aka fi bayarwa sau shida ne cikin kwana uku, kuma ya fi shiga jiki in an sha da abinci mai ɗan maiƙo ko madara. Jiki yakan yi sauƙi a rana ta biyu, sai mutum ya ajiye sauran "don wata rana". Bayan mako biyu zazzaɓin ya dawo, a ce maganin jabu ne.

Taifot kuwa, gwajin Widal da aka saba yi yana yawan nuna akwai ga wanda ba shi da ita, musamman a wurinmu da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar. Haka ake ɗora wa mutane allurai da kafso na kwana da kwanaki ba gaira ba dalili. In gwajin maleriya ya nuna babu, a nemo abin da ke kawo zazzaɓin: kunne, maƙogwaro, ƙirji, ko mafitsara. Kuma allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi ba ga wanda ke iya haɗiya bai amai ba.

Ruwanmu garau yake, muna saka alif. Akwai sauran matsala?

Alif yana kwantar da datti ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ruwa zai yi haske kamar hawaye amma yana ɗauke da kwalara. Abu biyu ke tsabtace shi a gida: a tafasa har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a saka sinadarin kulorin na ruwan sha bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar, a jira minti 30.

Sai dai inda na fi ganin ruwa na lalacewa shi ne randa. An kawo mai kyau an zuba, sai yaro ya dawo daga wasa ya ɗauki moɗa daga ƙasa, ya tsoma ta har da hannunsa zuwa gwiwa, ya sha, ya mayar da ragowar. Ran nan duk gidan sun sha abin da ke hannunsa. A samu moɗa mai dogon mariƙi wadda ba a kai ta baki, a rataye ta a ƙusa, a riƙa zubawa a kofi. A rufe randar, a wanke ta duk 'yan kwanaki. Jarkokin 'yan ga-ruwa ma a leƙa cikinsu, in sun yi gansakuka a san cewa sai an tafasa. Mai haƙa rijiya ya nisanta ta da masai, mita 30 ake so in fili ya ba da dama, a ɗaga bakinta a yi mata murfi, gugan kuma kada a yar da shi a ƙasa.

A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, akasarinsu a jihohin arewa. Hanyarta ɗaya ce: daga bayan gida zuwa baki. Shi ya sa buta kaɗai ba ta isa ba, sai da sabulu, in babu a yi da toka. Bayan an fito daga bayi, bayan an wanke wa yaro kashi, kafin girki, kafin cin abinci. Kashin jariri ma yana ɗauke da cuta kamar na babba, a zubar da fo a masai, ba a kwata ba. Ɗabi'ar nan ta mutum goma su wanke hannu a kwano ɗaya kafin cin tuwo, na ƙarshe wanka ya yi wa hannunsa da dattin mutum tara. A zuba wa kowa daga buta.

Yarinyata tana gudawa, kakarta ta ce haƙori ne, zai wuce. In bari?

Ki girmama Inna, amma kada ki bari. Abin da ya sa ake haɗa gudawa da haƙori shi ne lokacinsu ɗaya: a watannin da haƙori ke fitowa ne yaro ke rarrafe, komai ya samu sai baki, kuma a lokacin aka fara ba shi kunu. Ƙwayar cuta ce ta shiga. Kuma abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, wanda ke iya faruwa cikin yini guda.

Ba na manta wata uwa da ta buga mana ƙofa da asuba, goye da yaro ɗan wata tara. Da ta kwance zanen, kansa ya langaɓe a kafaɗarta. Maɗigarsa ta faɗa, idanunsa sun zurma, yana kuka ba hawaye. Na ɗan tsunkuli fatar cikinsa na saki, ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Kwana biyu ana ba shi jiƙo da filajil, an kuma hana shi ruwa wai kada gudawar ta ƙaru. Allah ya yi da sauran kwanansa, ƙarin ruwa ya tashe shi. Amma da an fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun zawon farko, da ba a kai ga haka ba.

Ki ajiye ƙunshin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, a gida kamar yadda kike ajiye ashana. Ƙunshi ɗaya na lita ɗaya ne a yawancin waɗanda ake sayarwa, amma ki duba jikin ledar. Lita ɗaya ita ce ledar fiya wata biyu. In babu, ki haɗa da kanki: ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. A ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zinki kullum na kwana 10 zuwa 14, ko gudawar ta tsaya, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata shida ba. Nono da abinci kada a tsayar. In akwai jini a kashin, ko yaron ya ƙi shan komai, asibiti kai tsaye.

Maganin haƙori na kwalba kuma ba na ba kowa shawarar sa. A 2008 wani mai suna My Pikin, da aka gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya.

A zafin Afrilu ma kar in ba jariri ruwa? Ba zalunci ba ne?

Tausayi ne ya sa kika tambaya, na sani. Amma kusan kashi tara cikin goma na nonon uwa ruwa ne, kuma wanda ke fara fitowa in jariri ya kama shi ne mafi ruwa-ruwa, shi ke kashe ƙishi. In zafi ya yi yawa, ke za ki ƙara shan ruwa, shi kuma ki ƙara ba shi nono. Cikinsa ɗan mitsitsi ne, ruwan da kika ba shi ya tare wurin abinci, ga hatsarin gudawa. Wata shida cur, nono zalla.

Dakashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya da wasu ke matsewa su zubar, shi ne kariyar farko da jariri ke samu. A sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Cibiya kuma a shafa mata man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti kawai. Ban da toka, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma mai zafi.

Sista, wai ku ma'aikatan asibiti kun hana wankan jego da kunun kanwa. Mu da su aka raine mu.

Hajiya, ba mu hana kula da mai jego ba, al'ada ce mai kyau a hutar da mace kwana arba'in a ciyar da ita. Abu biyu ne muke roƙo a rage. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suna zuwa da kumburi da haki, suka kuma danganta hakan da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Zafi kuma yana sa zuciya aiki fiye da kima, ita da ba ta gama farfaɗowa daga ɗawainiyar ciki ba.

A yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki. A yi kunun gyaɗa, a ba ta wake, ƙwai, hanta, zogale, nama in da hali. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune saboda numfashi, ko tana tari da dare, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta. A kai ta asibiti ran nan.

Maigidana ya ce ba za a yi wa 'ya'yansa rigakafi ba, Allah ne ke karewa. Me zan ce masa?

Kada ki yi masa gardama a gaban mutane, kuma kada ki ɗauka tsoronsa ba shi da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano, lamarin da ya kai ga shari'a da biyan diyya. Ba allurar rigakafi ba ce, amma tabon ya zauna a zukatan mutane. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta sake bazuwa har zuwa wasu ƙasashe, sai a 2004 aka dawo da shi. Da malamai da sarakuna suka shige gaba, aka ci gaba da ɗiga wa yara, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka. Ki ce ya duba 'yan'uwanmu masu tafiya a keken guragu, ya ga shekarunsu, sannan ya duba ko yana ganin irinsu da yawa a cikin 'yan firamare na yau.

Allah ne ke karewa, babu shakka. Amma kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Mashaƙon da ya addabi Kano da maƙwabtanta daga ƙarshen 2022 ya fi kama yaran da ba a yi wa allura ba, alhali rigakafinsa na cikin wanda ake yi kyauta. Jadawalin ba shi da wuya: ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9 na ƙyanda da shawara da sanƙarau, sai wata 15 na ƙyanda karo na biyu. Ɗan zazzaɓin kwana ɗaya bayan allura ba abin tsoro ba ne. In an tsallake wata, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ki adana katin a leda.

Zafi ne ke kawo sanƙarau?

Ƙwayar cuta ce da ke bi ta numfashi da tari. Busasshiyar iska da ƙura suna fasa fatar cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki marar taga kuma ya ba ta hanyar tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Shi ya sa take tashi daga Disamba zuwa Yuni, ta lafa da saukar ruwa. A annobar 1996 ta kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya. A buɗe tagogi, a rage yawan masu kwana a ɗaki ɗaya, musamman a makarantun allo da na kwana. In an zo rigakafin gayya a fito: a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar na cutar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, ba a kwana da su a gida. Awoyi ake ƙirgawa.

Da sanyi muna shiga da kaskon gawayi ɗaki mu rufe ƙofa. Ai ba hayaƙi, ko?

Wanda ba a gani ɗin shi ne mai kisa. Garwashi yana fitar da wata iska marar launi marar wari, tana shiga jini ta tare wurin iskar da muke rayuwa da ita. Mutum yana barci ba zai farka ba. Haka janareta a soro, ko a baranda kusa da taga. Ku ɗumama ɗakin ku fitar da kaskon kafin a kwanta, janareta kuma a fili nesa da taga. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri gaba ɗaya, a fita waje nan take.

Tunda ana maganar hunturu: mura ba ta buƙatar kafso, ruwan ɗumi da hutu sun isa. Abin lura a yaro shi ne numfashi. Ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru ki ƙirga na minti ɗaya. In ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi, nimoniya ce har sai an tabbatar ba ita ba ce.

Ni ba ni da damuwa, ba na ciwon kai. Me zai haɗa ni da hawan jini?

Alhaji, yawancin masu hawan jini haka suke ji, garau. Da yawa ba sa sani sai ranar da ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta gaza. Awo ne kawai ke nunawa, kuma bai fi minti biyu ba. Duk wanda ya manyanta ya auna ko sau ɗaya a shekara. In ana samun 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban, a ga likita.

Gishirin da ake so babba ya ci a yini bai kai cikin ƙaramin cokali ɗaya ba, giram 5, har da wanda ke ɓoye a abinci. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga shi muna jefa biyar ko shida a tukunya, a ƙara gishiri, a kawo yaji mai magi a barbaɗa. A rage a hankali, a ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa da citta, cikin 'yan makonni harshe zai saba. A riƙa taka ƙasa, ko tafiyar rabin awa ce. Wanda aka ɗora a kan magani kuma kada ya daina don awo ya yi kyau, maganin ne ya sa ya yi kyau.

Suga ma haka take lallaɓowa. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da kusan cokali tara na sukari, ban da wanda mai shayi ke zubawa. Yawan fitsarin dare, ƙishirwa, rama, ko ciwon da ya ƙi warkewa, a je a auna.

In na dawo aiki a gajiye nakan sayi haɗin maganin ciwon jiki. Laifi ne?

Ɗan'uwa, gajiya ba cuta ba ce, jiki ne ke neman ruwa da abinci da barci. Haɗin nan da ake ƙulla maka a leda sau da yawa magunguna biyu ko uku ne 'yan gida ɗaya, irin su diklofenak da ibuprofen, wani lokaci har da tiramadol. Shan su kullum, a kan yunwa, ga mai aiki a rana yana zufa bai shan ruwa sosai, hanya ce ta gyambon ciki da ciwon ƙoda. Na ga majiya ƙarfi, masu dako da 'yan acaɓa, sun zo suna aman jini a kan haka. Farasitamol ma yana da iyaka: babba kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas, don yana taɓa hanta.

Maganin da ake talla a tire ko a bayan mota, rana na dukan sa tun safe, ko na gaske ne ya lalace. A duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin magunguna ta Najeriya, da ranar ƙarewar aiki. Duk maganin da aka ce yana warkar da basir da sanyi da taifot da suga a kwalba ɗaya, a bar wa mai shi kayansa.

An sa ranar 'yata, sai aka ce a yi gwajin jini. Ba tona asiri ba ne?

Gara a yi tun kafin a sa rana, kafin zukata su yi nisa. In namiji AS ne mace ma AS, wato kowannensu yana ɗauke da gadon sikila a jini ba tare da yana ciwon ba, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba, ana iya jera uku. Wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai sikila yana ihun ciwon ƙashi ya san abin da ake gudu. Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024, har da na ciwon hanta da ƙanjamau. A yi a asibitin da aka yarda da shi, in ana shakka a maimaita a wani wurin.

In tsautsayi ya faru a gida, me ake yi kafin a kai asibiti?

Ƙuna: a zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta. Ban da ƙwai, gishiri, man goge baki ko baƙin mai. Yaro ya sha kalanzir ko fetur: kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, don in ya sarƙe huhu zai shiga. Tun farko ma kada a zuba su a robar lemo ko ta ruwa. Jijjiga: a kwantar da yaro ta gefe, a sassauta kaya, kada a tura cokali a baki, kada a ɗura komai, kada a kara ƙafarsa a wuta. Cizon kare: a wanke da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi neman allura ko da ciwon ƙarami ne. Saran maciji: ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaure gam. A hana wurin motsi, a ɗauki mutum zuwa inda ke da maganin dafi, irin asibitin Kaltungo a jihar Gombe da ya shahara a kan saran kububuwa.

Wane ciwo ne ba a jira gari ya waye?

A yaro: ya kasa kama nono ko shan komai, yana aman duk abin da ya shiga, jijjiga, barcin da ba a iya tashin sa sosai, numfashi da ƙyar, tafin hannu ya yi fari fat, ko zazzaɓi a jaririn da bai kai wata biyu ba. A mai ciki: zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska, faya ta fashe ba naƙuda, naƙudar da ta wuce awa 12, ko ɗa ya daina motsi. A babba: baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe, ko ciwon ƙirji mai danna mutum da zufa.

Sau da yawa matan da ke zuwa mana a makare sun ga alamar tun dare. Abin da ya tsayar da su shi ne maigida ba ya gari kuma wayarsa ba ta shiga, ko babu kuɗin mota, ko ba a san wanda za a tasa ba. Don haka roƙona ga magidanta ne. Malam, ka faɗa wa iyalinka tun yau, a gaban mahaifiyarka in tare kuke zaune, cewa in ɗaya daga cikin waɗannan ya faru ka ba da izini a tafi asibiti ko ba ka nan. Ka ware ɗan abin da ya sawwaƙa ka ba ta ta ajiye, wanda ba na cefane ba. Ka yi magana da wani mai adaidaita sahu ko mai mota a layinku wanda zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare, ka rubuta lambarsa a bangon ɗaki inda kowa zai gani.